Injin da Ya Iso Arlit Babu Makulli

Kilomita 240 ne tsakanin Agadas da Arlit, amma babu direban da zai yi maka lissafin wannan hanya da kilomita. Da awa suke yi, shi ma sai an ƙara da in Allah ya yarda. Ita ce Hanyar Uraniyom da aka shimfiɗo daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970 saboda manyan motocin kamfanonin haƙar ma'adinai, kuma manyan motocin ne suka cinye ta. A wurare da yawa kwaltar ta ƙare sai suna. Direbobi sun bar ta a tsakiya sun buɗe layukansu a gefe, kowa yana shan ƙurar na gabansa. Ta hannun dama duwatsun Abzin na biye da kai, baƙi ƙirin. Ta hagu kuwa fili ne fetal har iyakar gani.

Wani aminina ne ya ja ni. Mutumin Damagaram ne, ya daɗe a Arlit yana fatauci, yana da a-kori-kura ƙirar Land Cruiser da ke yi masa jigilar kaya zuwa Assamaka da ke bakin iyakar Aljeriya, wani lokaci har wuraren haƙar zinariya. Injin motar ya gaji, ya yi odar wani, ya iso, amma aiki ya tsaya cak. Ni kuma dama na daɗe ina son in ga Assamaka da idona, sai tafiyar ta zo daidai.

Arlit gari ne da ba shi da kakanni. Babu ganuwa, babu tsohuwar hasumiya irin ta Agadas, babu gidan da zai ce shi ya sari dajin. Uraniyom ne ya kafa shi a 1969, shekara guda bayan an kafa kamfanin SOMAIR, wanda ya fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ya biyo baya da unguwarsa ta Akokan da raminsa na ƙarƙashin ƙasa a Akuta, ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a ƙarshen Maris na 2021. Tun daga nesa za ka hango tsaunukan da hannun mutum ya tara, tarkacen ƙasar da aka tace. Wutar garin daga kwal ɗin SONICHAR na Cirozerin take zuwa. Ana yawan rubutu kan ƙura da guba da rigimar gwamnati da kamfanin Orano na Faransa, kuma duk maganganu ne masu nauyi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekaru hamsin na aikin ma'adinai sun bar wa garin mutanen da suka iya karanta zanen wayarin, suka saba da aiki da awo ba da ka ba. Wasu yanzu suna gareji, wasu suna zaune a gindin bishiya.

Garejin da aka kai motar fili ne da aka kewaye da langa-langa da tsofaffin ƙyamaren motoci. Tana tsaye baki buɗe, babu inji. Tsohon yana gefe a kan taya: 1HZ, mai shan gazuwal, silinda shida a jere, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Duk wanda ya san hamada ya san shi. Ba shi da turbo, ba shi da gaggawa, ƙarfinsa doki 130 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Amma da zarar ya tashi, abin da yake nema daga lantarki waya ɗaya ce tak, wadda ke buɗe wa mai hanya a jikin famfo. Sauran duk aikin ƙarfe ne. Famfon ne ke auna mai, shi ne kuma ya san lokacin watsa shi.

Sabon kuwa, wanda aka saya a kasuwar tsofaffin injuna ta Sharja ya sha hannu da hanya kafin ya iso, 1GR-FE ne, V6 mai shan fetur, lita 4, ƙarfinsa ya haura doki 220. Dalilin aminina ba ɓoyayye ba ne. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, darajar mota a arewa ta koma kan gudu. Mai V6 yana haye tudun rairayi da kaya a baya ba tare da ya sauke mutane su tura ba, kuma a hanyar da 'yan fashi ke tarewa, gudu kansa kariya ne. Ga shi fetur ɗin Aljeriya, da gwamnatinsu ke tallafawa, bai kai rabin kuɗin na gidajen man Nijar ba, ko bayan an rage farashin lita zuwa sefa 499 a 2024. Injin da ke shan mai da yawa ba abin tsoro ba ne ga wanda ke zaune a bakin wannan iyaka.

Sai dai sabon injin an yanko shi ne yadda ake yanko injuna da yawa a Sharja: an sa almakashi an datse damin wayoyinsa daidai inda suke ratsawa su shiga cikin mota. Babu ƙwaƙwalwa, babu makulli, babu totur. Wanda ya saba da tsofaffin motoci zai ce ai sai a jawo waya daga batir. Ina! Injin nan ba shi da kafireta, ba shi da dilko. Kowane fulogi da kwayil ɗinsa a ka, kowace silinda da nozul ɗinta, kuma babu wanda zai motsa sai ƙwaƙwalwar, wato akwatin nan da makanikan Arlit ke kira kalkilater, ta ba da umarni. Akwatin yana ƙirga haƙoran wani faifai a jikin karanshaf, ta haka yake sanin inda kowane fistin yake. Yana auna iskar da ke shiga da zafinta, yana duba zafin ruwa, yana shinshinar hayaƙin salansa, sannan ya yanke yawan fetur da lokacin tartsatsi, sau dubbai a minti ɗaya. A tafiyar yau da kullum abin da yake nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Ko totur ɗin ma ba igiya ke jan sa ba. Ƙafarka tana gaya wa akwatin abin da kake so ne, shi kuma ya buɗe maƙogwaron injin gwargwadon abin da ya ga ya dace.

Ga kuma maganar makulli. A yawancin motocin da ke ɗauke da wannan inji, akwai 'yar ƙwayar lantarki mai lamba a cikin kan makullin. In ƙwaƙwalwa ba ta ji lambar da ta sani ba, inji zai yi ta juyi har batir ya mutu bai kama ba. Don ɓarayin mota na manyan birane aka ƙirƙiro wannan dabara, amma a nan mai shan wahalarta shi ne mai gaskiyar da ya biya kuɗinsa lakadan.

Mai garejin dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci kafin ya buɗe nasa wurin. Tun ran da aka sauke injin bai ɓoye ra'ayinsa ba, kuma a gabana ma ya maimaita.

"Alhaji, da ka shawarce ni da ban bari ka sayi wannan ba. Naka na da, ringi ne kawai suka gaji. A sa sababbi, a kai famfo a gyara, a canja nozul, ya sake yi maka shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Baba, ai gudu nake nema. Yaran nan masu V6, kafin direbana ya kai sun sauke sun juyo."

"To in ya tsaya maka a bayan gari da tsakar rana fa, wa zai buɗe akwatin nan ya ga abin da ke ciki? Ni famfo in ya yi gardama ina jin muryarsa."

Maganar Baba ba tsufa ba ce kawai. Komawa baya hanya ce da ake bi, kuma tana ɓullewa a wasu injuna. Injin fetur na 1FZ mai lita 4.5, Toyota da kanta ta yi shi iri biyu, mai ƙwaƙwalwa da mai kafireta, saboda haka in ka samu kayan na biyun sai ka ɗora wa na farkon ka huta da wayoyi. Haka ake yi wa wasu injunan gazuwal irin su 5L-E da 1KZ-TE, a cire famfon lantarki a sa na ƙarfe zalla. Kuɗin wannan hutu shi ne ƙarin shan mai, da kuma kafiretar da aka saita a Arlit ta riƙa shaƙewa in an hau Tamanrasat, inda ƙasa ta tashi kusan mita 1,400 iska ta yi ƙaranci. Kuma ƙofar tana rufewa. Injunan gazuwal na Hilux na zamani, da V8 ɗin da ya shigo Land Cruiser a 2007, suna tura mai da matsin da ya haura ba 1,500 ta nozul ɗin da lantarki kaɗai ke buɗewa. Babu tsohon famfon da zai maye wannan. Shi ma V6 ɗin da ke gabanmu, babu inda aka tanada a jikinsa da za a soka dilko.

Shawara ta biyu daga wani mai sayar da kayan gyara ta fito, kuma ita ce mafi araha: a sayi kowace ƙwaƙwalwar 1GR da aka samu a kasuwa, a aika da ita inda za a goge mata tunanin makulli, sannan a ɗinka wayoyin da aka datse ɗaya bayan ɗaya. Mutane na yi. Matsalar ita ce 1GR ba ɗaya ba ne. Yana cikin Prado, yana cikin Hilux da FJ Cruiser da Land Cruiser, akwai na giyar hannu akwai na otomatik, akwai na farko akwai wanda aka sauya wa kai daga 2009. Ƙwaƙwalwar da ta taso da giyar otomatik za ta yi ta cigiyarta, in ba ta ji amsa ba sai ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage wa inji ƙarfi don kare kanta. Ga wayoyi sama da hamsin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, a motar da za ta yini tana girgiza. Araha ba ta ado.

Mai shawara ta uku shi ya fi ɗaukar hankalina. Matashi ne mai gyaran wayarin, ya yi karatu a makarantar ma'adinai ta EMAIR da ke Agadas, ya yi aiki da wani ɗan kwangila har rufe COMINAK ta raba su. Yana yawo da kwamfutar tafi-da-gidanka da na'urar binciken mota a cikin jakar leda saboda ƙura. Shi cewa ya yi a manta da ƙwaƙwalwar Toyota gaba ɗaya, a sayo wadda ba ta kowane kamfanin mota ba ce, a ja mata sababbin wayoyi daga tushe. Ya buɗe wayarsa yana nuna mana. Akwai Haltech da MoTeC na Ostareliya, da Link na Niyuzilan, da ECUMaster na Folan, da MaxxECU na Suwidin, duk masu tsada, 'yan tseren mota ne manyan masu sayensu. Akwai MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a Amurka a 2001, a lokacin ana sayar da ita a warwatse ne mutum ya haɗa da kansa. Akwai Speeduino, wadda aka gina a kan ƙaramin allon Arduino, zanenta da manhajarta a buɗe suke ga kowa. Sannan akwai na Afirka ta Kudu irin su Spitronics da Dicktator, waɗanda suka yi suna wajen ɗora V8 ɗin Lexus a cikin Hilux da Land Cruiser. Duk cikinsu babu wadda za ta tambaye ka makulli ko ta nemi giyar da babu.

Na zaci zai fara da maganar doki nawa za a ƙara. Bai ko taɓo ta ba. Tambayarsa ta farko ga kowace ita ce, shin ta iya karanta faifan Toyota, mai gurbin haƙora 36 da aka cire biyu? In ba ta iya ba, magana ta ƙare. Sai yawan ƙofofinta: za ta ɗauki kwayil shida da nozul shida kowanne shi kaɗai, ko sai an haɗa su biyu-biyu? Haɗawa ba laifi ba ne, inji zai yi aiki, amma gara a sani tun kafin a biya. Masu arahar yawanci ba sa iya sarrafa totur na lantarki, sai an cire shi an sa na igiya, kuma shi a ganinsa wannan riba ce, tunda igiya in ta tsinke ko da wayar birkin keke a kai gida. Ya daɗe a kan maganar auna iska. Ƙwaƙwalwar kamfani tana amfani da wata siririyar waya mai zafi da ke bakin bututun iska, ƙura kuwa in ta kwanta mata sai ta fara ba da lissafin ƙarya. Ta kasuwa tana iya auna matsin iska a cikin manifol a maimakon haka, kuma wannan awo ƙura ba ta cika damun sa ba. A garin da ake kaɗe abin tace iska kusan kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan ya koma kan abubuwan da talla ba ta faɗa: bakin da wayoyi ke shiga yana da robar hana ƙura? Manhajar tana aiki babu intanet? Wanda ya saita ta zai iya kulle aikinsa da lambar sirri ya tafi da ita?

Inda gizo ke saƙar shi ne saiti. Ƙwaƙwalwar kasuwa kamar sabon allo take: abin da malam ya rubuta shi yaro zai karanta, daidai ne ko kuskure. A cikinta akwai jadawali mai gidaje ɗaruruwa, kowane gida yana faɗin yawan fetur da lokacin tartsatsi a wani gudu da wani nauyi. Injiniyoyin Toyota sun cika nasu jadawalin bayan dogon gwaji a zafi da sanyi da tudu da gangare. Naka kuwa mutum ɗaya ne zai cika, ko a kan na'urar da ke ɗora wa mota nauyi tana tsaye, ko a kan hanya, shi da kwamfuta a cinya da sensar hayaƙi a salansa. Mota tana iya yin lafiya lau a titin Arlit da saitin da zai kashe ta a rairayi. Can ne ake shiga ƙaramar giya a take totur har ƙasa na tsawon mintuna, iska ba ta ratsa lagireto, zafin gari ya haura digiri 45. In fetur ya yi ƙaranci ko tartsatsi ya yi gaggawa a wannan hali, wuta na tashi a silinda kafin lokacinta, fistin ya huje. Ƙwaƙwalwar kamfani tana da kunne a jikin inji, da ta ji wannan ƙwanƙwasa sai ta ja tartsatsi baya. Ta kasuwa, in ma tana da kunnen, sai an koya mata bambanta ƙarar da sauran hayaniyar inji. Matashin bai musa ko ɗaya ba. Ya ce zai iya, amma yana son mota ta zauna a hannunsa, kuma Alhaji ya yarda a yi saitin mai tsoro, wanda zai sha mai fiye da kima ya bar wasu dawakan a barga. Aminina ya yi shiru, don dawakan ne ya biya.

An bar magana a nan, ni kuma na samu wuri a motar wani maƙwabcinsa mai zuwa Assamaka. Bayan sallar asuba muka fita, 1HZ na gurnani a ƙarƙashinmu. Tazarar ta ɗara kilomita 200, ɓangare ne na babbar hanyar da aka tsara daga Aljas zuwa Legas. Da gari ya waye babu abin gani sai shimfiɗar tsakuwa da rairayi, babu ciyawa, babu inuwa, sai can ba a rasa ba ka ga gawar mota da yashi ya goge wa fenti. Wannan hanya ta ga zamani. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, su ratso Aljeriya su shigo ta Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai su hau jirgi su koma. Tseren Paris-Dakar na farko ma ta nan ya bi a farkon 1979. Motocin wancan lokaci da filaya da guntuwar waya ake lallaɓa su su kai. Direbanmu, Buzu ne mai ƙarancin magana, ya ce abin da ya sauya ba motoci kaɗai ba ne. Lokacin da aka fara aiki da dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka tsare motoci a Agadas, masu wannan sana'a suka bar hanyar da kowa ke bi suka shiga inda babu mai wucewa. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma waɗancan layuka suna nan, ana bin su.

A wannan yanki ne, arewa da Arlit kusa da iyaka, aka tsinci gawarwakin mutum 92 a Oktoba 2013, mafi yawansu mata da ƙananan yara daga ƙasar Kance, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ba ƙwaƙwalwar inji ce maganar ranar ba. Na kawo shi ne don mai karatu a Kano ko Maraɗi ya gane me kalmar lalacewa take nufi a bakin Baba. A gari, mota in ta ƙi tashi ka makara ne. A nan lissafin jarkar ruwa ake komawa yi.

Assamaka ba ta yi maka sallama daga nesa. Kawai sai ka ga eriya, ka ga tuta, ka ga manyan motoci jere an lafta musu kaya har sun ninka tsayinsu. Akwai duwan, akwai jandarma da soja, akwai rijiyar da ruwanta ke warin ƙibiritu, sai rumfuna da ɗakunan ƙasa da iska ke bugu ba dare ba rana. Taliya da dabino da madarar gari da tukwanen gas suna gangarowa daga Ingizam ta Aljeriya. Dabbobi da albasa suna haurawa. Kilomita 15 daga nan ne wurin da ake kira Point Zéro, inda jami'an Aljeriya ke sauke mutanen da suka koro, su tako da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda ke fita da babura masu ƙafa uku tana ɗauko waɗanda suka kasa, ta ƙirga sama da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Za ka gan su a bakin sansanin hukumar 'yan ƙaura ta IOM, 'yan Gini da Mali da Najeriya da sauransu, suna jiran ranar da za a kwashe su zuwa Arlit. Garin ya fi ƙarfin ruwansa da inuwarsa.

Man da ake sayarwa a nan a duro yake, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa tanki, ta mazurari da ƙyalle in mai motar yana da hankali. Babu wanda zai rantse maka da ƙarfin wannan fetur, ko ya ce babu ruwa da yashi a gindin duron. Akwai ma wani tarihi da makanikai suka gani a aikace kafin su ji shi a rediyo. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da fetur mai dalma, a Yuli 2021. Dalma kuwa tana kashe sensar hayaƙi. Shekara da shekaru motoci masu ƙwaƙwalwa suna shan wannan mai, fitilar gargaɗi na ci, har direbobi suka saba liƙe ta da salatif. Wannan ɗabi'a ta fi dalmar daɗewa, kuma ita ce mafi munin gado: fitilar da aka rufe wa baki ba za ta faɗa maka ranar da abin ya zama na gaske ba.

A wata rumfar shayi na zauna da wani direban V6 da ke jiran takardu. Da na ba shi labarin injin Arlit sai ya yi dariya, ya tashi ya buɗe bayan kujerarsa ya ciro ƙunshin rawani. A ciki akwai ƙwaƙwalwa ta biyu da aka riga aka haɗa da makullinsa, da sensar karanshaf, da kwayil biyu, da famfon fetur na cikin tanki. Ya ce abin da ke tsayar da V6 ba ya wuce waɗannan, kuma kowanne da sifana ɗaya ake canja shi. Ita ƙwaƙwalwar da wuya ta mutu da kanta, kashe ta ake yi: mai walda ya yi aiki a jikin mota bai cire batir ba, ko a tayar da ita da batiran babbar mota masu bolt 24, ko yaro ya juya kan batir.

Wannan ƙunshi ne ya gyara mini tunani. Baba ya yi gaskiya cewa abin da za ka shiga hamada da shi dole ya zama wanda ake iya gyarawa a hamada, amma gyara yanzu ba jin muryar famfo kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwar Toyota ta zama 'yar gari a arewa saboda yawanta. In taka ta mutu a Assamaka, akwai V6 goma a layin duwan, akwai wanda ya taɓa ganin irin cutarta. Ta kasuwa kuwa, komai kyanta, in mutum ɗaya ne a duk jihar Agadas ya san abin da ke cikinta, to lafiyar motar tana rataye da lafiyar wayarsa. Ba na ce a guje ta ba. Tana da wurinta: injin da ƙwaƙwalwarsa ta ɓace daga kasuwa, ko wanda aka ɗora wa turbo, ko wanda aka cusa a motar da ba danginsa ba. Kuma ina ganin ranar da matasa biyar ko shida a Arlit suka iya cika jadawalin nan, suna ajiye kwafin saitin kowace mota suna musayarsa, irin su Speeduino za su fi dacewa da wannan ƙasa fiye da akwatin da babu mai iya buɗewa, don ana iya gyara su da ƙarfen dalma a kan tebur. Ranar ba ta zo ba tukuna.

Da na komo Arlit na tarar an yanke shawara, kuma ba ta kowa ba ce ɗungurungum. Aminina ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a nemo masa kaya cikakku daga mota ɗaya mai giyar hannu: ƙwaƙwalwa, da damin wayoyi da ba a taɓa da almakashi ba, da totur, da makulli da zoben da ke karanta shi. Kuɗin ya kusa sa shi da-na-sanin sayen injin. Matashin ne zai ja wayarin, ya kuma sa sharaɗin a ɗaure akwatin a cikin mota nesa da zafin inji, a sa matatar mai ta biyu mai raba ruwa kafin famfo. Baba ya karɓi aikin ƙafafun inji da wanke tanki da haɗa bakin giya, wanda ya ce shi ne ainihin wahalar da duk surutun ƙwaƙwalwa ya sa aka manta. Tsohon 1HZ kuma ya hana a sayar. Ya sa yara sun zuba masa baƙin mai a silinda sun rufe shi da tamfol, ya ce wa Alhaji kuɗin ajiya jika biyu ne a wata.